Juma'ar da Hoton Yaya Ya Tsaya

Ni mutum ne mai son a yi abu bi da bi. Haka aka koya mini a sana'ar goro, haka kuma nake tafiyar da gidana a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a nan Kudu. Idan huhun goro ya fara canja ƙamshi, ba a zubar da shi gaba ɗaya. Kwance shi ake yi, a buɗe ganye, a riƙa ɗaukar goron ɗaya bayan ɗaya har a kai ga mai sankara. Na faɗi wannan tun da farko ne don a gane dalilin da ya sa ban ruga kasuwa na sayo sabuwar rauta, wato na'urar da ke watsa intanet a gida, ba lokacin da tsohuwar ta fara ba mu wahala, duk da kowa a gidan ya ce in yi hakan.

Gidanmu tsohon gini ne, dogo, mai kaurin bango. Mahaifinmu ne ya gina shi. Daga titi sai zaure, inda fataken goro ke sauka su kwana idan sun zo daga Arewa. Bayan zauren akwai ɗakin ajiya, mai duhu da sanyi, inda ake jibge huhunansu kafin a samu motar da za ta kwashe. Bayan ɗakin ajiya sai ɗakin Inna, mahaifiyata. Turakata tana gefe guda, ta fuskanci tsakar gida. Tun da maƙwabcinmu ya ɗora bene a bayanmu, sabis ɗin waya ya daina shiga cikin gidan. A tagar zaure kawai ake samunsa sosai. Shi ya sa na kafa rautar a can, a kan wani katako kusa da taga, ta kama sabis da layin da ke cikinta, ta watsa waifai zuwa ciki. Da na saye ta fara ce sol. Shekaru sun sa ta yi ja-ja kamar tsohon haƙori, eriyarta ɗaya ta saki har sai da na ɗaure ta da zare. Amma tana aiki, ni kuma ba na taɓa abin da ke aiki.

Yayana, ɗan farin Inna, ya daɗe da komawa Kano da zama. A can ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya rayu, amma magana ta tafi, hannun dama ma haka. Kiran murya ba shi da wani amfani a wajensa, numfashinsa kawai za ka ji. Matarsa ƙaramar waya mai madannai gare ta. Sai 'yarsa, wadda ke aure a wata unguwa mai nisa da su, ta ɗauki al'adar zuwa gidansa kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta kira ni ta bidiyo, ta riƙe masa wayar a gaban fuska. Ni kuma in shiga ɗakin Inna, in zauna a bakin gadonta, in riƙe mata tawa. Ƙafafun Inna sun daina ɗaukarta, ɗaga ta kuma azaba ce gare ta saboda ciwon ƙugu. Ko da ana iya ɗaga ta, ba za ta yarda a shimfiɗe ta a zaure a gaban baƙi maza ba.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, kamar yadda matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari. “Mutumin Kano” take ce masa. Ko a lokacin kiran ba ta yi masa magana kai tsaye. Sai ta riƙa kallon wayar ta gefen ido, tana goga goronta a magogi saboda haƙora sun ƙare, ta ce da ni, “Auta, ka ce wa mutumin Kano ya rage gishiri.” Yaya yana jinta. Sai ya ɗaga hannun hagu, bakinsa ya karkace da murmushi. Shi ke nan, an gaisa, sai kuma wata Juma'ar.

Muna cikin kakar sabon goro abin ya fara. Wata Juma'a kira ya shigo, fuskar Yaya ta fito, sai ta tsaya cak. Ido a buɗe, baki a ɗan karkace, ba motsi, wani ɗan zobe yana ta juyawa a kan goshinsa. Muryar 'yarsa tana zuwa a gutsure, daga nan kiran ya yanke. Na sake kira, haka aka yi. Na fita zaure na tsaya a taga, kira ya tafi sumul, na ga Yaya yana ƙifta ido. Amma wannan bai nuna mini komai ba, don a tagar zaure wayar tana kama sabis da kanta, ba sai da rauta ba. Na koma na ce, “Inna, sabis ne ya yi rauni. Yanzu na gan shi a zaure, lafiyarsa ƙalau.”

Ta ce, “To.”

Juma'ar da ta biyo baya ma haka. Wannan karon ta karɓi wayar da hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kawo ta kusa da ido, ta daɗe tana kallon fuskar da ta sandare.

Ta ce, “Wannan hoto ne.”

“Ba hoto ba ne, Inna. Waifai ne.”

“Hoto ba ya ƙifta ido. Wannan ma bai ƙifta ba.”

Ta miƙo mini wayar, ta ture magogi gefe, ta juya fuskarta bango.

Na san abin da ke ranta. A wajenmu idan mutuwa ta faɗo daga nesa, ba a kai wa tsoho mara lafiya labarin kai tsaye. A ce masa jiki ya yi tsanani, a ja lokaci, a yi ta lallaɓa shi har a ga zai iya ɗauka. Inna da kanta ta yi wa surukarta haka lokacin da ƙanin mahaifinmu ya rasu a hanyar fatauci. Duk dabarun ta san su. Ga shi kuma kunyar ɗan fari ba za ta bar ta ta buɗe baki ta tambaye ni ko ɗanta ya mutu ba. Ta daina cin goro. Abinci kuwa sai ta ɗan taɓa ta ce a ɗauke. Na sa 'yar Yaya ta turo mini wani bidiyonsa da ke cikin wayarta, na nuna mata. Ta kalla har ƙarshe, ta ce, “Rigar Sallah ce a jikinsa. Yau Sallah ake yi a Kano?” Daga nan na gane abin da aka ɗauka aka ajiye ba shaida ba ne a wajenta. Sai dai ta gan shi yana amsa mata.

Matata ta tare ni a tsakar gida da kwanon kunun Inna a hannu, ko rabi ba a sha ba.

Ta ce, “Alhaji, ka je ka sayo sabuwa. Tsohuwar nan ramewa take yi.”

Na ce, “Idan na sayo sabuwa na kafa ta ban san inda ciwon yake ba, Juma'a ta zo hoto ya sake tsayawa, me zan ce wa Inna? Ta ji an ce an sayo sabuwa, ga shi kuma bai motsa ba. Daga nan ko rantsuwa na yi ba za ta yarda ba.”

“To sai yaushe?”

“Kafin Juma'a.”

“Kai da bi da bi ɗinka. Wata rana gobara za ta tashi ka ce sai an fara duba ashana.”

Ta yi gaskiya cewa lokaci ba ya jira, ni ma na yi gaskiya cewa dama ɗaya ta rage mini a wajen Inna.

Gwaji yana bukatar ma'auni. Ina da wani aboki mai sayar da albasa a kasuwar Bodija, yana da babbar waya, kuma yini yake a zaune a rumfa. Na ce masa zan riƙa kiransa ta bidiyo daga ƙofar ɗakin Inna, shi dai ya ɗauka ya riƙa motsi. Ya ce, “Wato fuskata ce ta zama mudu? To Allah ya sa ta cika.”

Da datar layin rautar na fara, don shi ne gwaji mafi sauƙi. Akwai ta, ba ta ƙare ba. Sai wuta. Na lura ko abin yana faruwa ne idan wuta ta yi ƙasa, na gwada da ta gari, na gwada da janareto, duk ɗaya. Na kashe rautar na bar ta ta huce na kunna, kamar yadda kowa ke cewa a yi. Na kira mai albasa, fuskarsa ta fito ta tsaya da baki a buɗe. Na ce wataƙila wayata ce, na ari ta matata, ita ma haka. Na ari cajar rautar maƙwabcinmu mai bene, irin tawa ce, na jona. Ba canji. Kowane gwaji shi kaɗai nake yi, in mayar da komai yadda yake kafin in wuce na gaba, don idan ka canja abu biyu a tare ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Da na sauke ta daga kan katakon na ji ƙasanta da zafi, ramukan da iska ke shiga duk sun toshe da ƙura da saƙar gizo-gizo. Na samo gashin kaza na share su ɗaya bayan ɗaya, na sake ɗaure eriyar ta miƙe, na sa mata marafan kwalba a ƙasa don iska ta ratsa. Zafin ya ragu. Na kira mai albasa, ya yi motsi kaɗan, har na ga ya kai hannu kan hula, sai ya sandare a haka.

Da yamma na kira 'yar Yaya da murya na gaya mata inda na kai.

Ta ce, “Baffa, mutum nawa ne ke hawa waifai ɗin nan?”

Na ce, “Duk wanda ya sauka a gidan.”

“Ai shi ne. Tsohuwar rauta ba ta iya ɗaukar jama'a. Ka canja lambar sirrin kawai, kada ka ba kowa.”

Yarinyar a Kano ta girma, ba ta san zaman zaure ba. Baƙon da ya sauka a gidanka yana da haƙƙin tabarma, da ruwa, da abinci, da wurin ajiye kaya. A zamanin nan lambar waifai ta shiga cikin waɗannan, don da ita suke tura hoton goro ga masu saye a Arewa, da ita suke ganin iyalansu. Mahaifinmu bai taɓa rufe randa don baƙi sun yi yawa ba. Idan na canja lamba a ɓoye, kafin motar farko ta bar tashar Ojoo labari ya riga ta isa Kano cewa maigidan nan ya fara ƙyashi. Amma shawararta tana bukatar gwaji, kuma ba zan tsallake ta ba.

A cikin baƙin akwai wani dattijo da ke sauka a gidanmu tun mahaifinmu yana raye. Na ja shi gefe bayan la'asar, na gaya masa komai, har da maganar Inna da magoginta. Ya saurara yana shafa gemu.

Ya ce, “Maigida, ai da tuni ka faɗa. Tuwon Hajiya na ci ina saurayi.”

Ya ɗauki faifan da ake zaɓen goro a kai, ya bi zauren da shi. “Kowa ya kashe wayarsa ya kawo nan. Har da kai mai kallon ƙwallo, ba za su ci ba ko ka kalla.” Aka yi dariya, aka zuba wayoyi a faifai. Na shiga ciki na kira mai albasa. Wannan karon hoton ya daɗe yana tafiya, amma da tsalle-tsalle, kai ya juya nan, sai a gan shi can. Daga baya ya tsaya. Na fito na gode musu, kowa ya ɗauki tasa. Na samu ruɓaɓɓen goro ɗaya, amma huhun bai daina wari ba.

Ranar Laraba na naɗe rautar a ɗankwali na kai ta unguwar Mokola, wajen wata Bayarabiya mai gyaran waya a ƙarƙashin wani bene. Ta tashi kusa da Sabo, tana jin Hausa. Ta jona ta a kan teburinta, fitilu suka kama, ta hau da wayarta, ta buɗe bidiyo, ya tafi ba ko tuntuɓe. Raina ya ɓaci, kamar ka kai mara lafiya asibiti ya tashi yana tafiya a gaban likita.

Ta ce, “Baba, wannan ba ta mutu ba. Tsufa ta yi. Kamar tsohon ladan ce, kiran sallarsa daidai, amma muryar ba ta kai ƙarshen unguwa.”

Na ce, “Shekara da shekaru tana kaiwa ɗakin mahaifiyata.”

“Da ƙuruciya ba. Me ke tsakaninta da ɗakin Mama?”

“Bango, kamar kullum.”

“Ba firji? Ba tankin ruwa? Ruwa yana shanye waifai fiye da bango.”

“Ba tanki a hanyar. Tankinmu yana bayan gida.”

Ta ɗaga kafaɗa. “To. Sabuwa za ta fi wannan ƙarfi, ina da su. Amma ba zan yi maka alkawarin za ta huda abin da ban gani ba. Ejo, don Allah, Baba, ka je ka duba gidanka da kyau.”

Na ji daɗin da ba ta matsa mini in saya ba. Na naɗe kayata na taho da ƙafa, ina bin gidan a cikin kaina daga zaure har ɗakin Inna. Ba firji, ba tanki, ba randa. Da na iso na leƙa Inna, tana kwance fuska a bango. Na gaishe ta, ta amsa a hankali, ba ta juyo ba.

Washegari Alhamis da hantsi na shiga ɗakin ajiya yin aikin da na saba. Ɗanyen goro ba ya son bushewa. Ana buɗe bakin huhu a duba ganye, wanda ya yi yaushi a canja, a yayyafa ruwa a mayar a rufe. Ni nake yin wannan da kaina saboda kayan amana ne. A shekarar goro ya yi albarka, motocin Arewa kuma suka yi ƙaranci, kaya suka taru fiye da yadda na saba gani. An jera huhuna tun daga ƙasa har suna taɓa rufi, sahu bayan sahu, daga bangon zaure har bangon ɗakin Inna, sai ɗan lungun da mutum zai ratsa a karkace. Na tsoma hannu a bokiti na watsa, sanyin danshi ya bugi fuskata. Na sake tsomawa, sai hannuna ya tsaya a cikin ruwan.

Ɗanyen goro ruwa ne a cikinsa. Ganyen da aka naɗe shi jiƙaƙƙe ne. Ni kuma kullum ƙara masa nake yi. Ga tankin da na ce wa matar Mokola babu, ina tsaye a tsakiyarsa da bokiti.

Ban yarda da tunanina ba sai da na gwada. Na goge hannu, na kashe datar wayata don kada ta ruɗe ni, na bar waifai kaɗai. A saman waya akwai 'yar alama mai kama da mafici, tana cika idan waifai ya yi ƙarfi, tana raguwa idan ya yi rauni. Na tsaya ƙarƙashin rauta, a cike take. Na zo bakin ƙofar ɗakin ajiya, a cike. Na kutsa cikin lungun huhuna, ta fara zubewa. Na zagaya ƙofar Inna, ɗan ɗigo kawai ya rage. Sannan na taka har ƙarshen tsakar gida, wajen madafa, inda ya fi ɗakin Inna nisa da zaure amma ba goro a tsakani. Alamar ta sake tasowa. Ashe ba nisa ba ne. Na maimaita zagayen daga farko don in tabbata, abin bai canja ba.

A shekarun baya ma ana tara goro a ɗakin, amma bai taɓa kai haka yawa ba, kuma a lokacin rautar tana da ƙarfinta. Tsufa, da yawan wayoyi, da jiƙaƙƙen goro, su ne suka haɗu a kanta.

Saura abin yi. Rautar ba za ta bar taga ba, don can kaɗai take samun sabis. Inna ba za ta bar ɗakinta ba. Goro ne zai tashi. Amma ba a ajiye shi a tsakar gida rana ta dake shi, ba a kai shi zaure inda iska ke kaɗawa. Ɗaki ɗaya ne ya rage a gidan mai sanyi da duhu irin wanda goro ke so, shi ne turakata, wadda benen maƙwabci ya yi wa inuwa.

Da na gaya wa matata sai ta ajiye muciya ta dube ni.

“Turakarka? Wadda ko tsintsiya sai da izini take shiga?”

“Ita.”

“Kai kuma ka kwana ina?”

“A zaure. Akwai tabarma.”

Ta ce, “Bari in kwashe maka rigunanka kafin su sha warin ganye.”

Ba a taɓa kayan baƙo sai da saninsa, don haka na tara masu goron na gaya musu abin da na gani da abin da nake so. Wani a cikinsu ya ce shi tsoronsa kada kaya su cakuɗe, farin goronsa ya shige cikin jan wani. Na ce kowane huhu da alamar mai shi a jiki, kuma kayan mutum ɗaya za a gama kwashewa kafin a taɓa na wani, ni zan tsaya a wannan ƙofa, dattijo ya tsaya a waccan. Dattijon ya ce, “Wanda bai yarda da tsarin maigida ba, ai ba a haife shi ba tukuna. Mutumin da ke jera takalman baƙi bisa tsawo.” Suka yi dariya, suka amince.

Muka kira 'yan dako. Aka fitar da gadona aka jingine a tsakar gida, aka shimfiɗa katako a ƙasa, aka fara jigila. Ban yarda a jefa huhu ko a ja shi a ƙasa ba. Duk sahun da aka kwashe sai in je ƙofar Inna in duba alamar, in ga ta ɗan ƙaru. Magariba ta yi ba mu gama ba, muka ƙarasa da safiyar Juma'a. Turakata ta cika har bakin ƙofa, ɗakin ajiya ya zama wayam, sai danshi a ƙasa. Na buɗe ƙofarsa don ya sha iska.

Kafin in tafi masallaci na shiga har bakin gadon Inna na kira mai albasa. Ya fito sarai, yana tauna wani abu, bayansa ana sauke buhuna daga mota.

Ya ce, “Yau ina motsi? Ko in tashi in taka rawa?”

Na ce, “Zauna. Ci gaba da taunarka.”

Na bar kiran ya daɗe, bai tsaya ba. Inna ba ta juyo ba, amma ta ce, “Wannan ba shi ba ne.”

Na ce, “Na sani, Inna. Nasa sai an sauko.”

Da muka dawo daga masallaci na tarar da faifai a tsakiyar zaure, wayoyi jibge a kai. Ba ni na ce a yi ba. Dattijon yana zaune kusa da shi da carbi, ya yi mini alama da kai in wuce. Na dubi rautar, fitilunta suna ci, zaren eriya yana nan daram. Na shiga ciki na zauna a inda na saba zama. Matata ta tsaya a bakin ƙofa.

Kira ya shigo. Na ɗauka, 'yar Yaya ta gaishe ni, ta juya wayar. Ga Yaya a jingine da matashi, da farar hula. Na ɗan jira in ga ko zoben nan zai fito a goshinsa. Bai fito ba.

Na ce, “Inna, ga mutumin Kano.”

Ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta juyo a hankali, matata ta zo ta gyara mata matashi. Ba ta kalli wayar ta gefen ido ba, ta zuba mata ido sosai. Yaya ma yana kallonta.

Ta ce, “Ya ƙifta.”

“Ya ƙifta, Inna.”

“Ka ce masa ya cire hula.”

Ban kai ga faɗa ba, Yaya ya ɗaga hannun hagu yana lalube, ya kamo hular ya sauke ta a kan cinya. Kansa fari fat.

“Ka ce ya taɓa kunne.”

Ya taɓa. Ya kuma ja shi ƙasa, kamar yadda take ja mana muna yara idan mun yi laifi. Bakinsa ya karkace, ruwa yana bin gefen hancinsa, 'yarsa ta sa gefen mayafi ta goge masa.

Inna ta sauke numfashi mai tsawo. Ta ce, “Ka ce ya mayar da hularsa, ba kyan gani. Kuma ya rame. Ka tambayi yarinyar nan me suke ba shi.”

'Yar Yaya ta fara lissafo mata, Inna tana gyara mata yadda ake dama kunun gyaɗa. Ana cikin haka ta miƙa hannu gefen gado tana shafa tabarma.

“Ina magogina?”

Matata ta ɗauko shi daga kan taga. Na zaro farin goro daga aljihu, na ɓare, na ba ta. Ta fara gogawa tana kallon wayar ta gefen ido, yadda ta saba. Kiran bai yanke ba har sai da 'yar Yaya ta ce za ta koma gida kafin la'asar.

Da na fito matata ta biyo ni tsakar gida, inda gadona ke jingine da bango.

Ta ce, “To Alhaji, yanzu za ka sayo sabuwar, ko sai hoto ya sake tsaya wa Inna wata Juma'ar?”

Na ce, “Gobe zan je Mokola. Yanzu na san abin da zan ce ta huda. Ki ɗora wa Inna kunu, mai kauri.”